Wa ya taɓa zuwa Sakkara? Asabar kaɗai ta rage mana a Masar

Abban_Sadiq: Salam jama'ar gida. Yau kwananmu 12 a Alƙahira, na kawo Baba aikin ido, alhamdulillahi aiki ya yi kyau likita ya sallame mu, jirginmu sai daren Lahadi. Shekaranjiya na kai shi Giza ya ga dalan nan guda uku, to direban da yake kai mu asibiti ya dage wai ba mu ga komai ba tunda ba mu je Sakkara da Dahshur ba, wai can ne asalin abin. Ni kuma ina tsoron wahalar da dattijo a banza, shekararsa 71, yana tafiya da ƙafarsa amma gwiwa tana damunsa. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min gaskiya, akwai abin gani da ya bambanta da Giza ko duk tarin dutsen ne iri ɗaya?

Ummu_Hanan: Wslm, Allah ya ƙara wa Baba lafiya ya sa kaffara ne. Ku je wlh, ni na fi jin daɗin Sakkara a kan Giza nesa ba kusa ba, ba masu raƙuma suna jan rigarka.

ƊanAzhar_Gusau: Yaya Abban Sadiq sannu da jinya. Shekarata shida a garin nan, na je Sakkara sau huɗu, direbanku gaskiya ya faɗa muku. Sakkara maƙabartar tsohon birnin Manfis ce, babban birnin Masar na farkon zamani, kamar kilomita 30 kudu da Alƙahira. Abin da za ku fara gani shi ne dalar sarki Zosar mai hawa shida kamar matakala, ta kai wajen shekara 4,700, ta girmi babbar dalar Kufu ta Giza da kusan shekara ɗari. Kafin ita manyan mutane da tubalin laka ake musu kabari, shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu, Larabawa suna ce masa mastaba, wato dakali, irin dakalin ƙofar gida dai. Wazirin Zosar mai suna Imhotep shi ake danganta wa aikin, ya fara da dakali ɗaya amma na dutse, sai aka faɗaɗa, aka ɗora aka kai hawa huɗu, daga baya aka ƙara ya zama shida, tsayinta wajen mita 60. In ka zagaya gefe inda dutsen waje ya zube za ka ga sawun inda aka yi ƙarin da idonka. A Giza gamammen aiki kake gani ka riƙe baki ka tafi, a Sakkara kuwa kana ganin yadda suka koyi abin ne.

Kabiru_KD: Ni fa na je a 2017 ban ga abin da ake ta kururutawa ba, an kewaye dalar da ƙarafa da katako ba a shiga, ga rana ga ƙura. Shawarata ka bar Baba ya huta ku je kasuwa ku yi tsaraba.

ƊanAzhar_Gusau: @Kabiru_KD lokacin ana gyara ne. Girgizar ƙasar 1992 ta taɓa ta sosai, aka fara gyara a 2006, sai watan Maris 2020 aka buɗe. Yanzu an kwashe ƙarafan, ana shiga ta wata hanya miƙaƙƙiya daga kudu ka leƙa ramin da ɗakin gawar yake a ƙasansa, zurfinsa mita 28. Wannan hanyar ba ta da wahala, Baba zai iya.

Injiniya_Bala: Ni harkar gini nake yi shekara ashirin da wani abu, kuma ba inda ya taɓa ni a Masar kamar mashigar farfajiyar Zosar. Katanga ce ta farin dutse sama da mita 10, an yi mata ƙofofi na ƙarya da yawa, ƙwaya ɗaya ce ta gaske. Kana shiga sai ka ɗaga kai ka ga rufin, dutse ne amma an sassaƙa shi zagaye-zagaye kamar an jera azara, ni da na tashi a gidan soro nan take na gane, irin jeren azarar zauren kakana ne sak. Ginshiƙan kuma guda 40, an yi su kamar damin kara da aka ɗaure, kuma ba wanda yake tsaye shi kaɗai, kowanne an manna shi da ɗan bango, alamar ba su gama yarda dutse zai tsaya da kansa ba tukuna. Har ƙyauren ƙofa sun sassaƙa da dutse a buɗe, ba ya motsi. Mutanen da hannunsu ya saba da laka da kara da itace ne aka ba su sabon kayan aiki, sai suka kwaikwayi abin da suka sani. Na fi minti talatin a wurin nan har matata ta fara ƙorafi. Malam Kabiru da ka samu wanda ya nuna maka wannan da ba ka ce tarin dutse ba ne.

Kabiru_KD: Ban ce tarin dutse ba Injiniya, mai tambaya ne ya faɗa. Ni cewa na yi rana da ƙura.

Abu_Ammar92: Afuwan zan ɗan kawo wani abu daban. Shin ya halatta ma musulmi ya je yawon buɗe ido kaburburan waɗannan mutanen? Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim, lokacin da Annabi (SAW) ya wuce Hijr garin Samudawa a hanyar Tabuka ya ce kada a shiga wurin waɗanda aka yi wa azaba sai ana kuka. Mu kuma sai mu je muna ɗaukar hoto muna dariya. Ba hana kowa nake ba, tunatarwa ce.

Malam_Habu_Zinder: Allah ya saka da alheri da tunatarwa Abu Ammar. Hadisin ingantacce ne, amma yana magana ne a kan wurin da azaba ta sauka a kan mutanensa, kamar Hijr ɗin. Fir'aunan Annabi Musa a teku aka halaka shi, ba a Sakkara ba. Kuma Alƙur'ani a wurare da yawa ya ce ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen na gabaninku ya kasance. Amru ɗan Asi ya buɗe Masar wajen 641, sahabbai da yawa sun zauna a Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alƙahira, dalan nan suna tsallaken kogi suna ganinsu kullum. Abin da zan yarda da kai a kai shi ne ladabi, maƙabarta ce, mutum ya shiga da tunanin mutuwa.

Abu_Ammar92: Na ji Malam, amma ganinsu daga nesa daban, shiga cikin kabarin daban. Akwai malaman da suka ƙi. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Malam_Habu_Zinder: Haka ne akwai saɓani, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, ba laifi a kansa.

Zee_Fagge: To ni tambayata, duk cikinsu wacce ce ta Fir'aunan Annabi Musa? Tun muna islamiyya na ɗauka ita ce ginin da ya ce Hamana ya yi masa don ya leƙa sama.

ƊanAzhar_Gusau: Anti Zee ba ko ɗaya. Ayar Suratul Ƙasas cewa ta yi Hamana ya hura wuta a kan yumɓu ya yi masa dogon gini, wato tubali gasasshe, waɗannan kuwa na dutse ne kuma kaburbura ne. Sannan wanda mutane suka fi zato shi ne Fir'aunan Musa, Ramsis na biyu, ya hau mulki 1279 kafin haihuwar Annabi Isa, tsakaninsa da Zosar ya haura shekara 1,300, kuma ba a dala aka binne shi ba, a kwarin sarakuna ne can Luksor. Abin da zai ba ki mamaki, ɗan Ramsis ɗin mai suna Kamwaset shi ya gyara dalar sarki Unas a Sakkara ya rubuta sunan mai ita a jiki, don a zamaninsa ma ta riga ta zama tsohon kango. Har akwai rubutun maziyarta na wancan zamanin a bangon wani ɗaki a farfajiyar Zosar, an rufe shi da gilashi, su ma yawon gani suka zo kamar mu.

Zee_Fagge: Ikon Allah. Wato su ma tarihi ne a wurinsu.

Sarkin_Yawo: Ni kuma na ga wani bidiyo a YouTube ana cewa Imhotep ɗin nan shi ne Annabi Yusuf, dalan kuma rumbunan da ya tara hatsi ne na shekara bakwai. Har an nuna wani dutse mai rubutu da ya ambaci yunwar shekara bakwai a zamanin Zosar.

Nana_Tarihi: Dutsen akwai shi, yana tsibirin Sehel kusa da Aswan, kuma gaskiya ya ambaci fari na shekara bakwai da sunan Zosar. Amma an rubuta shi ne a zamanin sarakunan Girkawa na Masar, sama da shekara dubu biyu bayan mutuwar Zosar, kuma labarin cikinsa na gunkin Kunum ne da sadakar filaye da aka yi wa ɗakin bautarsa. Maganar rumbu kuwa tsohuwar magana ce, matafiyan Turai na da can sun daɗe suna faɗinta, amma duk wanda ya shiga dala ya san ba rumbu ba ce, cikinta a cushe yake da dutse, 'yan ɗakuna ne ƙanana da siririyar hanya, buhu nawa za ta ci? Mu da muka san dalar gyaɗa a Kano mun san ita buhunan ne da kansu suka zama dalar. Mu daina jingina wa Annabawa abin da ba mu da dalili a kai don Allah.

Sarkin_Yawo: Ni ma ban ce na yarda ba, tambaya na yi. Amma shekara bakwai ɗin nan tana ba ni tunani har yanzu.

Hajiya_Turai: Ku kun tafi muhawara kun bar bawan Allah da tambayarsa. Abban Sadiq, ni da mahaifiyata na je, ita ma ba ƙarfin ƙafa gare ta ba. Abin da zai burge Baba ba dalar ba ce ma, kaburburan fadawa ne da ke kusa da dalar sarki Teti, na Mereruka da na Kagemni, ƙasa ɗaya ne ba hawa ba sauka sosai kuma akwai inuwa. Bangon duk zane ne na rayuwarsu ta yau da kullum, masunta da taru, mahauta suna fiɗa, maƙera, ana tatsar saniya an ɗaure mata ƙafafun baya, ana yi wa agwagi ɗura. Har kura za ka gani an kwantar da ita an ɗaure ana tura mata nama a baki, Mama ta ce ashe wasa da kura ba yau aka fara ba. In kun samu ƙarfin zuwa na Ti, akwai zanen makiyayi ya goya ɗan maraƙi a baya zai tsallaka ruwa, maraƙin ya waiwayo uwar tana bin sa tana kuka sauran shanun suna biye. Mama 'yar Fulani ce, ta tsaya ta yi shiru a gaban zanen nan sannan ta ce haka baffanta yake yi in za su haye gulbi. Har muka dawo gida maganar da take yi kenan.

Injiniya_Bala: Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma kada ku bar Dahshur, kamar kilomita 10 ne kawai gaba. Can ne za ka ga kuskuren magina a tsaye. Sarki Sinafru, uban Kufu, ya so dala mai santsi ba mai matakala ba. An fara ta da tsayuwar kusan digiri 54, ana cikin aiki gini ya fara tsagewa saboda ƙasar wurin ba ta da ƙarfi, sai suka karya kusurwar zuwa 43 daga tsakiya, shi ya sa ta fito a lanƙwashe. Har katakon al'ul suka tokara a wani ɗaki a ciki, yana nan har yau. Sai suka matsa arewa kaɗan suka sake wata tun daga tushe a kan 43 ɗin, ita ce jar dala, dala ta farko mai miƙaƙƙen gefe da ta yi nasara, wajen mita 105. Daga nan sai ɗansa ya je Giza ya yi mai mita 146. Kuma ita lanƙwasasshiyar ita ce ta fi kowacce riƙe farin dutsenta na waje, nan za ka gane yadda dukkansu suke sheƙi a da.

Nana_Tarihi: Injiniya ka tsallake ta Maidum, wajen Bani Suwaif, ita ma aikin zamanin Sinafru ce, mai matakala ce aka cike ta don ta yi santsi, daga baya na wajen ya zube ya bar tsakiyar kamar hasumiya. Mutanen wurin suna ce mata dalar ƙarya. Sai dai ta yi nisa, ba ta Asabar ɗin nan ba ce.

Bash_Kamaru: Gargaɗi ɗaya, kada Baba ya shiga cikin jar dala ko lanƙwasasshiyar. Ta jar sai ka hau matakala a waje tukuna, sannan ka gangara sama da mita 60 a duƙe, ciki ga zafi ga wani wari mai hawa kai kamar na fitsarin jemage. Ɗayar da aka buɗe a 2019 ta fi ma tsawo, kusan mita 80. Kwana uku cinyoyina suna ciwo kuma ƙwallo nake bugawa duk sati. Ga shi an yi masa aikin ido, ƙura ba ta dace ba, ku tambayi likitan ma tukuna.

Abban_Sadiq: Ngd sosai jama'a, Allah ya bar zumunci. @Bash_Kamaru na kira likitan ya ce ba matsala in ya sa baƙin gilashi kuma kada ya daɗe a duƙe, don haka shiga rami babu. Na karanta wa Baba maganar Hajiya Turai ta makiyayi da maraƙi, ya ce shi wannan yake son gani. Sai maganar Abu Ammar, ita ma na karanta masa, ya yi shiru ya ce zai yi tunani. Yaya batun mota da tikiti?

ƊanAzhar_Gusau: Ku ɗauki direbanku na yini guda ku yi ciniki tun daga gida, kada ku dogara da Uber, zuwa yana da sauƙi amma dawowa daga Dahshur sai ka rasa mota. Cikin Sakkara ma da mota ake zagayawa, wurin yana da faɗi sosai. Ku fita da sassafe ku isa da an buɗe, ku tafi da katin banki don yanzu a yawancin wuraren nan ba sa karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, amma ku riƙe canji don masu gadi za su nemi bakshish, wato na goro. Wasu wuraren tikitinsu daban ne, ku tambaya a ƙofa. Ku fara da dalar Unas in a buɗe take, ranar da na je na ƙarshe kafin azahar suka rufe ta. Daga waje kamar tulin ƙasa take amma cikin ɗakin rubutu ne daga sama har ƙasa, rufin kuma taurari, ita ce dala ta farko da aka yi wa rubutu a ciki. Kai ka shiga, Baba ya jira a inuwa. In direba ya ce zai tsaya da ku makarantar saƙar darduma a hanya, ba dole ba ne.

Wad_Madani_Hausa: Gaisuwa daga ɗan'uwanku na Sudan, yanzu ina Alƙahira saboda yaƙi. Ina karanta ku ina tuna Bajarawiya, wato tsohon birnin Meroe, arewa da Khartum kamar kilomita 200. Dalanmu sun fi na Masar yawa, sai dai ƙanana ne masu tsini kuma na baya-bayan nan ne sosai a kan na Sakkara. Wani Bature ɗan Italiya mai suna Ferlini ya farfasa kawunan da yawa a 1834 yana neman zinariya. Muna yara makaranta ta kai mu, ba kowa a wurin sai yashi da iska. Tun da aka fara yaƙin a Afrilun 2023 kullum ina tunanin halin da wurin yake ciki. Abban Sadiq in kuna buƙatar mai fassara ranar Asabar ina nan, ba sai kun biya komai ba.

Ummu_Hanan: Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗan'uwa, ya mayar da ku gida lafiya.

Sarkin_Yawo: Amin. To wai ba wanda zai yi maganar Sarabiyum? Ramin nan mai akwatunan dutse 24, wasu an ce sun kai tan 70, a cikin lungu ƙarƙashin ƙasa. Ni na tsaya kusa da ɗaya ya fi ni tsayi. Ku ce min mutum ne ya shigar da wannan ba aljani ba.

Nana_Tarihi: Mutum ne Sarkin Yawo. Na bijimai ne da suke bauta wa, Apis, in ɗaya ya mutu sai a yi masa jana'iza kamar sarki. Wani Bafaranshe Mariette ya tono wurin a 1851. Akwai ma akwati ɗaya da aka bari a tsakiyar hanya ba a kai shi gurbinsa ba, murfinsa a wani wuri daban, aikin aljani ba ya tsayawa rabi haka. A Giza an tono unguwar ma'aikata da gidajen burodinsu da kaburburansu, kuma a 2013 aka samu takardun wani shugaban ma'aikata Merer a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, yana rubuta kwanakin da suka yi suna ɗauko dutse a jirgin ruwa daga mahaƙar dutse ta Tura zuwa dalar Kufu. Ba na son a riƙa ƙwace wa mutanen nan guminsu.

Sarkin_Yawo: Na Tura na ji, farin dutse ne daga tsallaken kogi. Amma na Sarabiyum ai mafi yawansu dutsen Aswan ne, ɗaruruwan kilomita. Ban gamsu ba tukuna.

Injiniya_Bala: Kogin Nilu ne babbar motarsu, in ya yi ambaliya jirgi yana matsowa har kusa da bakin sahara. Sauran kuma igiya ce da katakon jan dutse a ƙasa da yawan hannu da haƙuri.

Abban_Sadiq: Mun dawo jama'a, alhamdulillahi. Ɗan'uwa Wad Madani ya raka mu, Allah ya biya shi. Baba ya shiga farfajiyar Zosar ya ga azarar da Injiniya ya faɗa, ya shiga na Mereruka ya ga kurar, amma da aka zo leƙa ramin kabarin sarkin ya ce shi a nan zai tsaya, ya zauna a gindin katanga yana jan carbi har na fito. Na Ti ba mu samu zuwa ba gwiwar ta gaji, maraƙin nan bai gan shi ba, abin ya ɗan dame shi. Dahshur daga cikin mota ya kalla, ni na sauka na taɓa farin dutsen, ba kowa a wurin sai mu da wasu mutum huɗu. Mun wuce Mit Rahina, inda kangon birnin Manfis yake, ba mu tsaya ba lokaci ya ƙure.

Kabiru_KD: To ranar fa da ƙurar, na yi ƙarya?

Abban_Sadiq: Ba ka yi ƙarya ba Malam Kabiru, akwai su sosai. @Hajiya_Turai don Allah in kina da hoton makiyayin nan da maraƙi ki turo min, Baba ya tambaye ni sau biyu tun da muka shigo masauki.

Hajiya_Turai: Yana tsohuwar wayata, bari yara su dawo daga islamiyya su nemo min caja.